Kamar

Ni ne tafintan da ya tsaya a kotun Garwa
ranar da aka ɗaure Isiyaku ɗan Bawuro.
Shekara bakwai, a kan shagon Alhaji Tijjo
da aka fasa cikin dare a bakin gada.
Na daɗe ina gaya wa matashin kaina:
ai ba ni na yanke hukuncin ba.

Tabawa mai suyar kifi ce shaida.
Ta shigo da ƙaurin mai a zaninta,
ta rantse, ta dubi ƙasa, ta ce:
"Aci-balbal ce fitilata, iska na wasa da ita,
kamar shi na ga ya gifta."
Azahar ta gota, fanka ta mutu,
mai gabatar da ƙara na ta duban agogo,
ni kuwa tun safe ruwa bai ratsa maƙogwarona ba.

Na juya zancen zuwa Faransanci,
"kamar" ta sulluɓe tsakanin harshe da harshe
yadda dala ke faɗawa Binuwai
daga aljihun mai haye gada,
babu ƙara, babu kumfa.
Magatakarda ya rubuta: "Shi ne."
Na ga alƙalamin na tafiya,
ban ce masa dakata ba.

Shekara biyu da wata huɗu
takardar ɗaukaka ƙara na kwance a kabad,
gara ta ci gefen shafi na tara.
Uwar Isiyaku ta sayar da injin markaɗenta,
ta ɗauki lauya, wata siririya daga Gidar
mai jin Hausa ta wajen kakarta.
Ita ta je ta tsuguna gaban kaskon Tabawa,
hayaƙi na sa ta hawaye,
ta yi tambayar da mu ba mu yi ba.

Kotun sama alƙalai uku ne.
Ba su ga daren ba, ba su ga fitilar ba,
takarda suke gani, su auna ta layi layi.
Aka kawo kwaɗon da aka ɓalle,
aka kawo warin silifa mai lamba arba'in da biyu,
irin wanda rabin mazan Garwa ke ja a ƙafa.
Aka karanto abin da alƙalin farko ya faɗa
wa masu taya shi zama:
"Shaida ta gane shi, ido da ido."
Tabawa ta miƙe daga bencin baya,
"Wallahi ni ban ce haka ba!"

Sai aka kira sunana.
Shugabar zaman ta sauke tabarau,
ta ce: kalmar nan da ta ɓata,
nawa ne nauyinta a harshenku?
Na dubi Isiyaku. Wuyansa ya zama kara.
Na ce: ranki ya daɗe,
da ita muke raba gani da zato.
A wurinmu ko yaro ya sani,
kama da wane, ba wane ba.

Suka shiga ciki, suka fito kafin la'asar.
An soke hukunci. Hatimi, sa hannu.
Takarda ta gyara takarda.
Damina biyu dai da gonarsa ta kwana cikin ciyawa,
na duba kundin har bangon baya,
ba a ce wa zai biya su ba.

A bakin ƙofa, ƙarƙashin dogonyaro,
'yarsa na riƙe da gefen zanin kaka.
Da rarrafe ya bar ta.
Ta dube shi tun daga ƙafa har gemu,
ta ɓuya, ta leƙo, ta ce:
"Kamar Baba ne."

Ina tsaye taku uku daga wurin,
harsuna huɗu a bakina.
Wannan karon na ji kalmar sarai,
kuma ba a nemi tafinta ba.